Wayar da Ta Je Zariya Ta Dawo

Zuwa ga Mai Girma Shugaban kamfanin layin wayar da nake biya duk wata, ta hannun manajan shagonku na kan titin Grand Concourse, Bronx.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata wannan takarda ta same ka lafiya, kai da iyalinka da duk ma'aikatanka. Mu a nan gidan, 'yata Maryam lafiyarta ƙalau, tana ajin ƙarshe na sakandare. Ɗana Sadiƙ ma lafiya, in ban da murar da ke kama shi duk lokacin da sanyi ya fara shigowa. Maigida ne ba ya jin daɗi. Tun da ciwon suga ya taɓa masa ƙafa ya ajiye tuƙin tasi, ni ke wanke masa ciwon safe da yamma. Ni kaina jiki da sauƙi, hankali ne ba ya kwance. Akwai kuma wata a Zariya wadda ba zan ce tana lafiya ba, ba kuma zan ce ba ta da lafiya ba. Tana ɗauke da nauyi, watanta ya kusa. Saboda ita na ɗauki biro.

Maryam ta ce a Amurka ba a fara wasiƙa da lissafin masu mura. Na ce mata ni haka na san ana yi, ba na shiga gidan mutum in fara da ƙorafi.

Sunana Rabi'atu, ina zaune a unguwar Mount Hope, aikina kula da tsofaffi a gidajensu. Ban yi boko ina yarinya ba. Sai da na haura shekara arba'in na koyi riƙe biro, a ajin mata na ranar Asabar a ƙasan masallacinmu, wajen Malama Hadiza, Allah Ya saka mata da alheri. Da Hausa ta koya mana, da Hausa kuma hannuna ya iya. Ku da kuke kai murya daga Bronx zuwa ƙarshen duniya ba za ku rasa mai karanta muku ba, a shagonku ma akwai mai ji. Zan kuma liƙa kwafi a allon sanarwa na ɓangaren mata, don kada wata ta faɗa inda na faɗa. Ba don daɗi nake tona kaina ba. Wata ma'aikaciyarku ce ta ce in rubuto dalili, ga shi na rubuto.

Kafin in shiga magana, Ranka ya daɗe, sai na gaya maka wata al'ada tamu, in ba haka ba za ka ɗauka wauta ce ta kawo ni nan. A wajenmu uwa tana jin kunyar 'yar fari. Ba ta kiran sunanta, ba ta yabonta a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da ita. Tawa 'yar farin ma, ina yaye ta yayar maigida, Goggo, ta ɗauke ta, ita ta raine ta, ita ta aurar da ita bara. Da muka taho ƙasar nan a hannunta muka bar ta. Ni "'yar Goggo" nake ce mata, ita kuma ba ta ce mini komai, sai ta gaishe ni ta yi shiru. Amma al'adar nan da ta hana ni kiran sunanta ita ce ta ce cikin fari a gaban uwa ake haihuwarsa. Uwa ke duba ta, uwa ke dafa ruwan wanka, uwa ke dama kunun kanwa. Ni ba zan iya tafiya ba. In na tafi babu mai wanke ƙafar maigida, aikin da muke ci da shi kuma ba zai jira ni ba. Goggo ta tsufa, idonta ya yi rauni, ba ta bambance fuska sai an matso.

In na kira 'yar Goggo a waya, maganarmu ba ta wuce lafiya lau, lafiya lau. Ita tana jin nauyina, ni ina jin nauyinta. Ƙanwata Habi haka ta yi ta cewa lafiya lau alhali ƙafafunta na kumbura, fuskarta na cika, har ranar da ta haihu ta bar mana jaririn. Tun daga nan ban ƙara yarda da lafiya lau na mai ciki ba. So nake in gani da idona. In ce ta ɗaga ƙafa, in duba cikin idonta ko ya yi fari. Wannan ba ya bukatar doguwar magana, ba ya bukatar suna. Abin da na je saye shagonku ke nan.

Ga abin da ya faru.

Na ɗaya. Wayar da nake so ku kaɗai ke sayar da ita a ƙasar nan. Na gan ta a tallarku a wurin tsayawar bas, wata tsohuwa tana kallon jariri a cikin wayar kamar za ta ɗauke shi. Maryam ta bincika ta ce kyamararta ta gaba tana fitar da fuska ko a ɗaki mai duhu, ɗakunanmu na Tudun Wadar Zariya kuwa ƙaramar taga gare su. Ba zan ɓoye ba, akwai kuma son kada a raina ni a gidan surukai. Na je ƙaramin kamfanin da nake tare da shi tun zuwana, suka ce ba a ba su ita ba. Na shiga shagon Alhajin da ke sayar da waya kusa da tashar jirgin ƙasa na layin D, ya ce wannan samfurin kun yi yarjejeniya da masu ƙera shi, ba ya fita sai ta ƙofarku. Dole na bar layina na da, wanda nake sa wa kuɗi in na samu in bar shi in ban samu ba, na sa hannu a kwantiraginku na shekara biyu. Ban san wace magana kuka yi da masu ƙera waya ba, ba a kira ni ba. Amma ga shi maganar ta shigo har ɗakina. Ko sabis ɗinku ba ya kamawa a benenmu sai na tsaya jikin tagar kicin, na da kuwa har ban ɗaki yana kamawa.

Na biyu. Na yi tambaya kafin in saya. Wadda ta sayar mini 'yar mutanen Kumasi ce, tana jin Hausa, ta gaishe ni da Mama, ta ba ni kujera. Na tambaye ta ko wayar tana aiki a Najeriya, ta ce tana aiki ko'ina a duniya. Daga baya na gane ba ƙarya ta yi ba. Tana aiki ne in da layinku a ciki, a kan kuɗin da ko mai gidan mai ba zai jure ba. Ta tambaye ni ko tafiya zan yi, ko wa zan ba. Yarinyar sa'ar 'yar Goggo ce, na san uwarta, muna haɗuwa a wajen suna. Ta yaya zan buɗe baki a tsakiyar shago in ce 'yata ce ta fari, ciki gare ta, kewarta nake? Sai na ce aike ne kawai, na sunkuyar da kai, ita ma ta bar zancen. Wannan shirun nawa ne, na ɗauka. Amma ku ma akwai naku. Takardar da ta ce wayar a kulle take tana nan, Maryam ta gano ta daga baya a shafi na can ciki, da rubutu ƙanana kamar ƙwayar gero. A jikin kwali kuwa sunanku ne da manyan baƙaƙe. Wanda ya iya rubuta sunansa haka ya iya rubuta "a kulle take" haka.

Na uku, kuma shi ne mai nauyin. Na naɗe wayar cikin sabon ɗankwali na ba Hajiya Ladidi, 'yar kasuwar da ke kai mana saƙo gida tana dawo mana da kayan miya. Da hannunta ta kai gidan mijin 'yar Goggo. A wajenmu ba a karɓar kyautar uwar amarya a ɓoye. Uwar mijin ta tara matan gida, aka kira maƙwabta, aka shimfiɗa tabarma. Aka buɗe kwali ana guɗa, ana sa mini albarka. Nan take uwar mijin ta shiga ɗaki ta fito da turmin atamfa da zabi biyu ta ba Hajiya Ladidi tukwici. Tukwici, Yallaɓai, shi ne abin da ake ba wanda ya kawo alheri, kuma gwargwadon girman kyauta gwargwadon girmansa. Matar nan ba mai kuɗi ba ce. Atamfar da ta ajiye don suna ta bayar.

Sai mijin ya ciro sim ɗinsa ya sa. Wayar ta rubuto wani abu da Turanci ta ƙi. Aka gwada na ƙanensa, aka gwada na maƙwabci, aka goge sim da gefen riga, aka hura ramin. Hajiya Ladidi ta ce tun ana dariya har aka daina. Ta ce 'yar Goggo ta tashi ta shiga ɗaki kamar za ta ɗauko wani abu, ba ta ƙara fitowa ba.

Washegari mijin ya kai ta wajen masu gyara, daga nan har Kano. Suka ce wannan sabuwa ce, makullinta yana hannun kamfani, in suka matsa mata za ta iya mutuwa gaba ɗaya. Ta zauna a gidan makonni. In an ɗauke wuta yara su kunna fitilarta su nemi takalmi. Ƙanwar mijin, wadda bakinta ba ya hutawa, ta sa mata suna tocilan ɗin Amurka, ta ce ta ɗauko halin mutanen can, ba ta gaisawa da talaka. Wasa ne irin na dangin miji, na sani. Amma a kunnen wa ake yin sa? A kunnen yarinyar da uwarta ba ta zo bikinta ba, ba za ta zo haihuwarta ba, abu ɗaya da ta aiko kuma ya ƙi magana.

Na huɗu. Yayan mijin yana da irin wayar nan sak, a Kano ya saya. Aka ajiye su gefe da gefe a kan tabarma. Tasa tana cin sim biyu, tawa ɗaya, shi ma ta ƙi. Tasa tana kama rediyo in an sa abin kunne, tawa an cire. Tasa cikinta fili, tawa cike da abubuwanku da ba sa gogewa, na wasan ƙwallo da na kallon fim da wasu da ko Maryam ba ta san amfaninsu ba. In an kunna tasa sunan masu ƙera ta ke fitowa, in an kunna tawa sai naku ya fara fitowa da kiɗa. Sim biyu a wajenmu ba ado ba ne, in wannan layin ya ɗauke sai a koma wancan. Rediyo kuma shi ke zama da mai jego cikin kwana arba'in ɗin da ba ta fita. Mutanen gidan suka yanke hukunci cewa an cuce ni an sayar mini da jabu. Masu kirkin cikinsu suka ce ai baiwar Allah ba ta yi karatu ba, ba laifinta ba ne. Wannan tausayin ya fi zagin ciwo. Na san ba jabu ba ce. Ku kuka sa aka rage ta kafin ta iso hannuna, kuma ba ku rage kuɗinta ba.

Na biyar. Da Hajiya Ladidi za ta dawo ta je ta mayar da tukwici, uwar mijin ta rantse ba za ta karɓa ba, ta ce ai niyya aka yi wa. Ta sa aka mayar da wayar kwalinta, aka naɗe da ɗankwalina, aka haɗo mini da daddawa da kuɓewa busasshiya da yaji, aka ce a gaishe ni, a ce mini kada in damu. Ban taɓa jin an mayar wa uwa kyautar da ta yi wa 'yarta ba sai a kaina. Hajiya Ladidi ta kawo mini har gida don kada ta ba ni a gaban mata. Amma labari ya riga ta isowa. Ranar Juma'ar makon a masallaci wata ta tambaye ni, da murya mai taushi, ko baƙuwata ta iso lafiya. Tun daga ranar a sahun baya nake salla, ina sallamewa in nemi takalmina. Yanzu wayar tana cikin durowa, har yau kwalin yana ƙamshin daddawa, ni kuma ina biyan kuɗinta duk wata ba fashi. Ku duba, za ku gani.

Na shida. Na koma shagonku, suka ce ba su da iko, in kira ofis. Muka kira, Maryam tana fassara. Aka yi ta miƙa mu daga wannan zuwa wancan da kiɗa a tsakani, har muka samu wata mata mai haƙuri. Ta ce ba a buɗe waya sai wa'adin kwantiragi ya cika, ko in biya kuɗin fita gaba ɗaya, wanda ya fi abin da nake samu a mako. Kafin wa'adinku ya cika, Ranka ya daɗe, abin da ke cikin nan ya yi tafiya, an ma yaye shi. Sai matar ta ce akwai roƙo na musamman da ake kai wa manya, amma sai an faɗi dalili, ta tambaya wa zai yi amfani da wayar, mene ne tsakanina da shi. Maryam ta juyo ta kalle ni. Maigida yana kwance a kujera yana ji. Na buɗe baki, abin ya ƙi fita. Maryam ta hau ni da faɗa da Turanci, wai Mama ki ce 'yarki ce mana, mene ne a ciki, ki faɗi sunanta kawai. Ita a nan aka haife ta, ni ke kiran sunanta sau ɗari a yini, ba za ta gane ba. Matar ta jira, ta jira, sannan ta ce to in rubuto.

Mutane sun ce in sayi wata ƙarama a kan titi in aika, in huta. Na yi tunanin haka. Da maigida yana tuƙi da tuni na yi. Yanzu ba zan iya ɗaukar biyu ba, ga haya ga magani. Ban da haka, an riga an yi guɗa a kan wannan, an ba da tukwici a kan wannan. In wata ƙarama ta je a madadinta, na tabbatar musu da cewa jabu ce tun farko. So nake wannan ɗin dai ta koma, a sa mata sim a kan tabarmar nan, ta yi magana.

Don haka ga roƙona, da girmamawa.

Ku buɗe mini wayar. Ban ce ku yafe mini ko sisi ba. Zan ci gaba da biya har wa'adi ya cika, in kuna so in sake sa hannu a kan haka zan sa, yanzu na iya rubuta sunana ba dangwale ba. Makullin da kuka sa don kada in gudu ne, ni kuwa ina zan je? Ga mijina kwance, ga adireshina a hannunku.

Ku rubuta a jikin kwali, da baƙaƙe irin na sunanku, cewa wayar ba ta karɓar layin kowa sai naku, da abin da kuka sa aka cire mata. Rabin masu shiga shagonku na Concourse gida suke aikawa, Kumasi ko Yamai ko Kano. Kun san haka, shi ya sa kuka ɗauki masu jin harshenmu. Ku umarce su su riƙa faɗa tun ba a tambaya ba, domin akwai irina da yawa waɗanda kunya ba za ta bar su su yi tambaya ta biyu ba.

Kada ku taɓa aikin yarinyar da ta sayar mini. Abin da aka koya mata ta faɗa, kuma ita ke taimakon uwarta da haya. In kuka kore ta saboda takardata kun ƙara mini wata kunyar a kan wadda nake ɗauke da ita.

Sauran maganar yarjejeniyarku da masu ƙera waya ta fi ƙarfina. Abin da na sani shi ne, in kun zauna kuna raba wa zai sayar da wace, ku tuna akwai inda abin yake ƙarewa. Nawa a kan tabarmar surukai ya ƙare.

Allah Ya ƙara maka lafiya, Ya albarkaci kasuwarka da halal, Ya raya maka zuriya. In kana da 'ya mace, Allah Ya sa kana kusa ranar da za ta bukace ka, kada Ya sa teku a tsakaninku.

Saura tambayar da ma'aikaciyarku ta yi ban amsa ba. Na je wajen Malama Hadiza na tambaye ta ko rubuta suna daidai yake da kiran sa. Ta yi dariya, ta ce ita dai ba ta taɓa jin biro ya yi ƙara ba. Na san matan da za su tsaya gaban allon masallaci su karanta wannan, na san abin da za su ce, cewa Amurka ta cinye wa Rabi kunya. Su ce. Shekara ashirin da uku ina kiyaye wannan, na kiyaye shi a shagonku har ya jawo mini abin da ya jawo.

Wadda za ta yi amfani da wayar 'yata ce, ta fari, ni na haife ta. Sunanta Asma'u. Ina so in ga fuskarta.

Hajiya Ladidi za ta tashi ranar Juma'ar da ke bin Babbar Salla, ranar Alhamis take ɗaure kaya. In ta tafi ba wayar, ba ni da wani mai zuwa sai bayan an yi suna. Ina roƙon amsarka kafin Larabar makon, ko i ko a'a, ta hannun shagonku na Concourse. Zan riƙa biyawa ta nan kullum in na taso daga aiki, da wayar a jakata.

Wassalam.

Taku mai biya ba fashi,
Rabi'atu, Maman Asma'u
Mount Hope, Bronx